Gardamar da aka sha kafin a yarda cewa makamashi ba ya ɓacewa

A littafin fizik da muke karantar da ƴan lise da shi, dokar adanuwar makamashi layi biyu ce kacal: ba a ƙirƙirar makamashi, ba a hallaka shi, sai dai ya sauya kama. Yaro ya haddace, ya zuba a takardar bak, ya wuce. Ni da nake rubuta waɗannan layuka a allo kowace shekara a nan Maraɗi, abin da ke damuna shi ne yadda muke miƙa su kamar an tsince su a kammale. Ba haka aka same su ba. An yi kimanin shekara 200 ana jayayya kafin maganar ta zauna. A kanta uba ya ɓata da ɗansa, an raina mace don ta tsoma baki, wani likita ya kusa rasa ransa don baƙin cikin an ƙi sauraronsa. A ganina wanda bai san wannan gardama ba bai san dalilin da ya sa ake amincewa da dokar ba. Yau zai riƙe ta don Mushe ya faɗa, gobe ya sake ta don wani a TikTok ya faɗi akasinta.

A 1644 René Descartes, Bafaranshe, ya rubuta cewa akwai wani adadi na motsi a duniya wanda ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, kuma ana samunsa ne idan aka ɗauki girman abu sau gudunsa. Maganar ta karɓu. Sai a 1686 Gottfried Leibniz, Bajamushe, ya buga gajeriyar takarda a wata mujalla ta birnin Leipzig yana cewa Descartes ya yi babban kuskure. Hujjarsa mai sauƙi ce, zan kawo ta da awon zamaninmu. Ɗauki dutse mai kilo 1 ka ɗaga shi mita 4. Ɗauki wani mai kilo 4 ka ɗaga shi mita 1. Wahalar ɗagawar ɗaya ce, har mabiyan Descartes sun yarda da haka. To sake su su faɗo. Tun zamanin Galileo an san cewa abin da ya faɗo daga tsayi ninki huɗu, gudunsa ninki biyu kawai yake yi. A lissafin Descartes ke nan ƙaramin dutse yana da 1 sau 2, wato 2, babban kuwa 4 sau 1, wato 4. Wahala ɗaya ta haifi adadi biyu mabambanta. Amma idan aka yi nauyi sau gudu sau gudu, ƙarami ya zama 1 sau 2 sau 2, babba 4 sau 1 sau 1, kowanne 4. Wannan adadi shi ne Leibniz ya raɗa wa suna rayayyen ƙarfi, ya ce shi ne ba ya ɓacewa.

Da a ce hujja kaɗai ake bi, da an zauna an warware. Amma a lokacin akwai wata gaba tsakanin Leibniz da Isaac Newton a kan wanda ya fara gano lissafin kalkulas, sai mutanen Ingila suka ɗauki duk abin da ya fito daga bakin Leibniz a matsayin maganar abokin gaba. Faransawa da yawa kuma suna kare ɗan ƙasarsu. Maganar ta koma ta ɓangaranci.

Mutumin da ya fi burge ni a wannan tarihi shi ne Willem 's Gravesande, malami a jami'ar Leiden ta ƙasar Holan. Shi mabiyin Newton ne, har ya sadu da shi a Landan a 1715. Ya ƙera ƙwallayen tagulla masu girma ɗaya amma nauyinsu ya bambanta, ya riƙa sakinsu daga tsayi daban-daban suna faɗawa cikin yumɓu mai laushi, yana auna girman ramin da kowanne ya bari. Yana tsammanin sakamakon zai goyi bayan ɓangarensa. Yumɓu ya goyi bayan Leibniz: idan gudu ya ninka biyu, rami ninki huɗu yake yi. A 1722 ya buga abin da ya gani yadda ya gan shi, ya sauya ra'ayi a fili, abokansa na Ingila suka fusata da shi. Gani ya kori ji.

Wannan gwaji ba ya buƙatar ɗakin gwaji mai tsada, shi ya sa nake yin sa a aji. Yumɓu nakan samo wurin masu ginin tukwane, in kwaɓa shi ya yi laushi, in shafe shi a faranti. Wurin bakanike nake karɓar ƙwayar boris ta ƙarfe, sannan in nemi ƙwallon gilashi irin wanda yara ke wasa da shi, mai girma daidai da ita. A sikeli ƙarfen yakan kai kusan ninki uku na gilashin. Sai mu saki ƙarfen daga santimita 30, gilashin daga santimita 90. Idan lissafin Descartes ne ke aiki, ƙarfen yana da nauyi 3 sau gudu 1, wato 3, gilashin kuwa nauyi 1 sau gudu kusan 1.7, wato kusan 1.7, ramin ƙarfe ya kamata ya fi girma nesa ba kusa ba. Yara sukan sunkuya da rula, su auna faɗin ramukan biyu, su same su kusan ɗaya. Ba sa zama ɗaya cif, domin yumɓun ba ya zama da laushi iri ɗaya ko'ina kuma hannun mai saki yakan yi rawa, amma kusancin ya isa ya rufe bakin mai musu.

Bai rufe bakin wata ɗaliba ba, kuma na ji daɗin haka. Ta ce, "Mushe, ai wanga bai nuna Descartes ya yi kure ba. Ya nuna dai rami da gudu sau gudu yake tafiya. In wani abu muka auna ba rami ba fa?" Na ce mata, ƴata, abin da kika faɗa shi ne ya ɗauki malaman Turai shekaru kafin su gane. Rami yana auna nisan da ƙwallo ya kutsa kafin ya tsaya, kuma nisan da gudu sau gudu yake tafiya. Da lokacin da ya ɗauka kafin ya tsaya aka auna, da an ga nauyi sau gudu. Abu biyu ne daban, kowanne da dokarsa. Nauyi sau gudu, idan aka yi la'akari da inda abin ya dosa kamar yadda Christiaan Huygens da wasu suka gyara tun 1669, ba ya ɓacewa a kowane irin karo. Rayayyen ƙarfi kuwa, wanda rabinsa ne muke kira makamashin motsi a yau, yana iya barin motsi ya koma wani abu. Ɗan kabu-kabu da ke kan hanyar Ɗan Isa yana rayuwa da dokokin biyu a lokaci guda: idan ya tashi daga gudun kilomita 30 zuwa 60, lokacin da birki zai ɗauka ya tsayar da shi ninki biyu ne, amma nisan da zai ja kafin ya tsaya ninki huɗu. Nisan nan shi ke kashe mutane.

A 1743 Jean d'Alembert ya kira rikicin gardamar kalmomi, kuma littattafai da yawa sun bi shi a haka. Ban yarda ba. Mutanen da suka yi shekara fiye da 50 suna wannan jayayya sun fito da adadi biyu da ba a rarrabe su a da, kuma duk injiniyan da ke aiki a yau da su yake lissafi. Cikinsu akwai Émilie du Châtelet, wadda a 1740 ta rubuta littafin fizik don ɗanta, ta kare Leibniz da sakamakon yumɓun Leiden. Sakataren majalisar masana kimiyya ta Paris, Dortous de Mairan, ya mayar mata da martani a fili a 1741 cikin salon manya da ke gyara wa yaro. Ta amsa masa hujja bayan hujja. Ita ce kuma ta fassara babban littafin Newton zuwa Faransanci, fassarar da har yau ake amfani da ita, ta gama aikin a 1749, shekarar da ta rasu bayan haihuwa tana da shekara 42. Ina faɗa wa ƴan matan ajina sunanta da gangan.

Inda rayayyen ƙarfi ya fara nuna amfaninsa sosai shi ne a ruwa. Daniel Bernoulli, ɗan birnin Basel na Siwizalan, ya ɗauki dokar Leibniz ya ɗora ta kan ruwa mai gudana, ya fitar da littafinsa a 1738. Abin da ke cikinsa shi ne tushen abin da muke koyarwa da sunansa. Ruwan da ya shiga bututu dole ya fita, don haka inda bututu ya tsuke ruwa yakan ƙara gudu. Kuma tunda makamashin gudun dole ya fito daga wani wuri, matsin ruwan ne ke raguwa a wurin. Tsayi, matsi da gudu suna musanya a tsakaninsu, jimillarsu tana nan. Shato, wato tankin ruwa, da ke tsaye mita 20 sama da famfonka yana ba ka matsin da ya kusa ninki biyu na matsin iska, idan ka buɗe famfo matsin ya koma gudu. Jarkar da ka huda a ƙasanta tana nuna abin da Evangelista Torricelli ya gano tun kafin Bernoulli: zurfin mita 1 yana fitar da ruwa da gudun kusan mita 4.4 a daƙiƙa, zurfin mita 4 ba ya ba da ninki huɗu, ninki biyu yake bayarwa. Lissafin duwatsun Leibniz ne ya sake fitowa.

Mahaifin Daniel, Johann Bernoulli, shi ma babban masanin lissafi ne, kuma na hannun daman Leibniz. Tun 1734 da majalisar Paris ta raba wata kyauta tsakanin uban da ɗan, uban ya ji an ƙasƙantar da shi. Da littafin ɗan ya fito, sai Johann ya rubuta nasa a kan gudanar ruwa, aka buga a 1743, amma ya sa masa kwanan wata 1732 don a ce shi ya riga. Daniel ya rubuta wa abokinsa Leonhard Euler yana kukan an ƙwace masa wahalar shekara goma. Masu binciken tarihi sun nuna cewa littafin uban yana da sababbin abubuwa na kansa, har Euler ya amfana da su. Wannan bai wanke shi ba. Uba da ya ga ɗansa ya zarce shi, godiya ga Allah ta kamace shi. Kuma ƙaryar kwanan wata a ilimi babban laifi ne, domin duk sana'ar a kan faɗin abin da ya faru yadda ya faru take tsaye.

Lissafin Bernoulli yana da rauni ɗaya da duk manomin rani ya sani ko bai taɓa jin sunan ba: ruwan da ke tafiya a tiyo yana isa ƙarshe da ƙarfi ƙasa da wanda ya taso da shi. Kawuna yana da garka wajen Jiratawa, albasa da zogale, da injin ban ruwa da doguwar tiyo mai inci 2. Ya kira ni ya ce, "Ɗana, injin nan ya tsufa, ruwa ba ya kaiwa fangalin ƙarshe, sai na sayi babba." Na ce, Kawu, kafin ka zuba kuɗi a inji bari mu dubi tiyon. Asarar da ruwa ke yi a cikin bututu tana tafiya kusan da gudu sau gudu, kuma ga yawan ruwa ɗaya, ƙara faɗin bututu kaɗan yana rage ta sosai: daga inci 2 zuwa inci 3 asarar tana raguwa kusan ninki bakwai. Babban inji a kan siririyar tiyo mai ne kawai zai ƙara sha. Ya canza tiyo, ya bar injinsa, ruwa ya kai.

Wannan asara ta daɗe tana ba masana kunya. A 1752 d'Alembert ya yi lissafin ruwan da ba shi da danƙo ko kaɗan yana wuce wani abu a tsanake, sai lissafi ya ba shi cewa ruwan ba zai tura abin ba sam. Matsin da ke gaba da wanda ke baya suna soke juna. Lissafin ba shi da kuskure, kuma ya yi daidai da ƙa'idodin da Euler ya buga a 1757. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa cikin Gulbin Maraɗi a watan Agusta, lokacin da ruwa ya sauko daga wajen Jibiya, ya san ruwa yana turawa, har yana kayar da ƙato. Tsofaffinmu sun san abin da ya yi wa tsohon gari a 1945, wanda ya sa aka hau tudu. Shekaru suka yi ta wucewa masu lissafi suna gefe guda da ƙa'idodi masu kyau da ba su dace da kogi ba, masu gina madatsu da bututu suna ɗaya gefen da teburan awo da ba su san dalilinsu ba. Claude Navier a 1822 da George Stokes a 1845 sun shigar da danƙon ruwa cikin lissafi, amma danƙon ruwa ƙanƙane ne ƙwarai, aka ɗauka ba zai canza komai ba.

Sai a 1904, a taron masana lissafi a Heidelberg, wani matashin injiniya, Ludwig Prandtl, ya yi gajeren jawabi ya nuna inda aka yi sake. Ruwan da ke taɓa jikin abu ba ya motsi ko kaɗan, a manne yake. Daga nan zuwa inda ruwa ke gudu sosai akwai wani siririn shimfiɗi, kuma a cikinsa, komai ƙanƙantar danƙo, shi ke mulki. Wannan shimfiɗi yakan ɓalle daga jikin abin ta baya, ya bar ruwa yana juyi, matsin baya ya faɗi, na gaba ya tura. Iska ma haka take. Dubi fikafikan fanka a lokacin hunturu: tana juyawa da ƙarfi yini guda amma ƙura tana nan lulluɓe da su, domin iskar da ke taɓa su ba ta motsi a kansu. Tsakanin tambayar d'Alembert da amsar Prandtl shekara 152 ne.

Makamashin da ruwa ya rasa a tiyon Kawu zafi yake komawa. Julius Robert Mayer, likitan jirgin ruwa da ya je tsibirin Java a 1840, shi ya fara rubuta cewa zafi da aiki abu ɗaya ne da ke musanya da awo tsayayye. Wata mujalla ta ƙi buga takardarsa, wata ta buga a 1842, ba wanda ya kula. James Joule a Manchester ya auna abin da hannunsa, da nauyi mai saukowa yana juya fikafikai cikin ruwa, Hermann Helmholtz kuma ya shimfiɗa dokar gaba ɗaya a 1847. Da rikicin wanda ya riga ya tashi, Mayer ya shiga mummunan hali har ya yi yunƙurin kashe kansa a 1850. An karrama shi daga baya, Joule a 1870, shi a 1871, da lambar yabo iri ɗaya daga Landan. Awon Joule ya bayyana dalilin da ya sa aka daɗe ba a lura ba: sai ruwa ya faɗo daga kusan mita 427 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri 1. Faɗowar mita 10 ba ta kai kashi 3 cikin 100 na digiri ba. Hannu ba zai ji wannan ba.

A lokacin zafi, sa'ad da kuran ke yawan ɗaukewa, bidiyon injin da ke ciyar da kansa yakan cika wayoyi. Wani ɗalibi ya kawo mini ɗaya bayan an tashi: tanki a sama, ruwa na zubowa yana juya ƙafa, ƙafar na juya dinamo, dinamo na kunna famfo da ke mayar da ruwan tanki, ga kuma ƙwan fitila yana ci. Ban yi masa dariya ba, domin buƙatar da ta sa yake kallon bidiyon ta gaske ce. Muka zauna muka lissafa. Ɗaga lita 1000 na ruwa mita 10 yana cin jul 98,000 (jul shi ne ma'aunin makamashi), kuma iyakar abin da ruwan zai mayar idan ya faɗo ke nan. A ce ƙafar ta kama kashi 70 cikin 100, dinamo ya mayar da kashi 80 na wannan, famfo kashi 60 na abin da ya samu. Zagaye ɗaya, sulusin makamashin kawai ya saura, tun ba a kunna fitila ba. Ɗan kasuwar da ya ƙirga kuɗinsa da yamma ya same su sun fi kayan da ya sayar ba ya cewa kuɗi sun haihu, ya san wani ne ya zuba. Na ce wa yaron ya nemi wayar da aka ɓoye ko batirin da ke ƙarƙashin tebur. Majalisar masana ta Paris ta daina duba irin waɗannan injuna tun 1775, kafin ma a kammala dokar.

Duk da haka ba na gaya wa ɗalibai cewa haramun ne a tuhumi dokar, domin manya sun tuhume ta da dalili. A 1914 James Chadwick ya gano cewa ƙwayoyin lantarki da ke fita daga wasu sinadarai masu tururin nukiliya ba sa fitowa da makamashi ɗaya, kowace da nata, kuma kusan kullum ƙasa da abin da lissafi ya ce. A 1927 Charles Ellis da William Wooster a Kambirij suka auna zafin gaba ɗaya ko ragowar tana ɓuya a can, ba su same ta ba. Niels Bohr, wanda ba ƙaramin mutum ba ne, ya ce ƙila a cikin ƙwayar zarra dokar ba ta aiki a kowane karo, sai dai a matsakaici. Wolfgang Pauli ya ƙi. A wasiƙarsa ta 4 ga Disamba 1930 zuwa wani taro a Tübingen ya ce ƙila akwai wata ƙwaya marar caji, mai wuyar kamawa, da ke ficewa da ragowar. Enrico Fermi ya yaɗa sunanta, niyutirino, ya gina mata lissafi. Sai a 1956 Clyde Cowan da Frederick Reines suka kama ta kusa da wata tashar nukiliya a Amurka. Yau an san cewa duk tashar da ke ƙona yuraniyom, har da wanda aka haƙo a Arlit, kusan kashi 5 cikin 100 na makamashinta wannan ƙwaya ke ficewa da shi ta cikin bango da ƙasa.

Ba na ganin laifin Bohr. Shekara 26 Pauli yana riƙe da abin da ba wanda ya gani, kuma a tsawon lokacin shakkar Bohr tana da gurbi. Abin da ya raba su awo ne. Kuma ƴan watanni bayan nasarar Pauli, awo ya juya masa baya a kan wata dokar. An daɗe ana ɗauka cewa halitta ba ta bambanta dama da hagu, wato duk abin da ke faruwa, hotonsa na madubi ma zai iya faruwa daidai wa daida. Tsung-Dao Lee da Chen Ning Yang suka ce a 1956 ba a taɓa gwada wannan ba a irin wancan rugujewar nukiliya. Pauli ya rubuta cewa a shirye yake ya sa kuɗi masu yawa dokar za ta tsaya. Chien-Shiung Wu ta yi gwajin da sinadarin kobal 60 da aka sanyaya matuƙa, a farkon 1957 sakamako ya fito: dokar ta faɗi. Lee da Yang suka karɓi kyautar Nobel a shekarar, ita ba a sa ta ba, kuma wannan rashin adalci ne.

Abin da ya sa wata doka ke tsayawa wata ta faɗi, Emmy Noether ce ta bayyana shi a Göttingen a 1918, lokacin da jami'ar ba ta ma yarda mace ta koyar da sunanta ba, sai da sunan babban masanin lissafi David Hilbert. Ta tabbatar da lissafi cewa manyan dokokin adanawa daga rashin canzawar ƙa'idodin halitta suke fitowa. Idan gwajin yumɓu na yau da na gobe ƙa'ida ɗaya suke bi, makamashi zai adanu. Idan na Maraɗi da na Leiden ɗaya ne, nauyi sau gudu zai adanu. Wannan ya ba dokar tushe, ya kuma nuna iyakarta. Sararin samaniya gaba ɗayansa yana faɗaɗa, jiyansa ba kamar yau ba ne, kuma hasken da ya taso tun farkon duniya ya miƙe kusan ninki 1100, makamashinsa ya ragu haka. Har yanzu masana sun bambanta a kan yadda ya kamata a faɗi inda ya tafi, ko ma tambayar tana da ma'ana. A tiyo da tanki da babur kuwa, inda ƙa'idodi ba sa canzawa daga safe zuwa yamma, dokar ba ta da ƙofar fita.

Gardamar da ta fi kusa da zamaninmu ta sake komawa ruwa ne. Idan gulbi ya cika yana hargitsi, manyan juyi suna farfashewa zuwa ƙanana, ƙanana zuwa waɗanda suka fi su ƙanƙanta, har a kai inda danƙo zai mayar da motsin zafi. Andrey Kolmogorov ya ba wannan lissafi a 1941. Abin mamaki shi ne gwaje-gwaje sun nuna cewa idan aka rage danƙo, yawan makamashin da hargitsi ke cinyewa ba ya sauka zuwa sifiri, juyin ne kawai ke ƙara ƙanƙancewa. A 1949 Lars Onsager, ɗan Norway da ke koyarwa a Amurka, ya faɗi magana mai nauyi: ko a ƙa'idodin Euler, inda babu danƙo sam, makamashin motsi zai iya raguwa idan gudanar ta yi kaushi sosai, kuma ya sa iyakar kaushin a kan adadi 1/3. Sama da iyakar makamashi na adanuwa, ƙasa da ita ba dole ba. An yi shekaru ba a kula ba. A 1994 Gregory Eyink, sannan Peter Constantin da Weinan E da Edriss Titi, suka tabbatar da rabin farko. Rabi na biyu sai a 2016 Philip Isett ya kammala shi, bisa hanyar da Camillo De Lellis da László Székelyhidi suka buɗe.

Ƙa'idodin Navier da Stokes kansu, waɗanda ake hasashen damina da ƙera jirgin sama da su, har yau ba wanda ya tabbatar cewa kullum suna ba da amsa mai santsi ga ruwa mai motsi ta kowace fuska. Cibiyar Clay ta Amurka ta sa dala miliyan 1 a kan wannan tambaya tun 2000. Jean Leray, Bafaranshe, ya nuna a 1934 cewa akwai amsa ko da ba mai santsi ba ce, amma abin da ya iya tabbatarwa game da makamashinta shi ne kawai: wanda ya rage a motsi, haɗe da wanda danƙo ya cinye, ba zai wuce wanda aka fara da shi ba. Ko jimillar tana cika daidai a kowane hali, wannan yana cikin abin da masana lissafi ke nema har yanzu.